Bebe, Babur Mai Cin Wuta

Na daɗe ina aikin malamin gona a Tasawa, kuma rabin aikin nan a bisa babur na yi shi. Yau ina Korgom ina duba tsutsar da ta faɗa wa gero, gobe ina Baudeta ana gardamar irin dawa, jibi a ce in leƙa wajen Mayahi. Babur ɗin da nake hawa a lokacin wani tsoho ne ja, mai hayaƙi da tari, wanda in na tada shi da safe kajin unguwa sai sun watse. Shan esansi kuwa, wato man fetur, kamar da ƙishirwa aka ƙera shi.

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan ƙishirwa shi ne taubashina, ɗan kawuna, wanda muka tashi muna tsokanar juna tun muna wasan ƙasa. Yana da rumfa a bakin gudiro, titin kwalta na hanyar fita gari, inda yake jera kwalaben esansi a kan tebur, rana tana haska su kamar man gyaɗa. Da ya hango ni sai ya miƙe ya ɗauko mazurari yana dariya.

"Ga bawana ya kawo gaisuwa," in ji shi. "Matso da jaririn a ba shi nono."

Ni kuma in ce masa kwalabensa kullum ƙara ramewa suke yi, kamar masu azumi.

Sai aka shiga wani lokaci da esansi ya yi wuya a gari. Ka je gidan mai ka tarar da layi, ka dawo bakin hanya ka tarar taubashina ya canja tafiya, yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka ba sarauta. Har wani sabon gilashi ya saya. A cikin kwanakin nan ne wata ungozoma ta asibiti ta wuce ni a kan wani ɗan babur, ina tsaye ina fama da nawa ya ƙi tashi. Ban ji zuwanta ba, ban ji tafiyarta ba, sai dai na ga mayafinta ya gifta. Na tambayi mai shayin da ke wurin, ya ce ai wannan ba ya shan mai, wuta ake sa masa kamar salula.

Washegari na je wurin ɗan kasuwan da ke kawo su daga Maraɗi. Ya fara nuna mini wani babba baƙi mai ƙyalli. Da ya faɗi kuɗinsa sai na tambaye shi ko har da gida ake haɗawa. Ya yi dariya ya ce shi ma ya san za a rina, manyan nan ƙura kawai suke sha a shago, kowa ya shigo ƙaramin yake tambaya. Ya ja ni baya ya nuna mini wanda ya rage. Kore ne shar, ƙafafunsa kamar faifai, da ɗan kwando a gaba. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki. Da na hau, gwiwoyina suka kusa taɓa kunnuwana. Duk da haka na sayar da tsohon, na haɗa da ɗan abin da ke hannuna, na ɗauke shi.

Da gangan na bi ta gaban rumfar taubashina. Ya miƙe da mazurarinsa kamar kullum, na ɗaga masa hannu na wuce. Da la'asar sai ga shi a gida. Ya zagaya babur ɗin, ya duƙa yana neman wurin zuba mai bai gani ba, ya kara kunne ya ce in tada shi. Na ce ai a tashe yake.

"A tashe yake yanzu haka?"

"A tashe yake."

"To wanga ai bebe ne," in ji shi. "Ko ta Hausa ko ta Faransanci, sunan ya yi mishi daidai. Ba ya magana, kuma bai isa yaye ba."

Tun daga ranar sunan ya bi shi, har ni ma na koma kiransa Bebe.

Shirun nan da na yi sha'awa, shi ya fara ba ni wahala. Awakin Tasawa sun saba sai sun ji ƙara suke tashi daga hanya. Da Bebe kuwa sai in zo har kan akuya tana kwance tana tuƙa, ta dube ni ta kau da kai. Hon ɗinsa kamar kukan ɗan tsako yake, ba wanda ke jin tsoronsa. Dole na koma yin gyaran murya da sallama tun daga nesa, ina tafe ina "salamu alaikum, salamu alaikum" kamar mai neman gidan da ya ɓace masa. A gida ma haka. Da can maiɗakina tana jin zuwana tun daga kwanar masallaci. Wata rana na shigo da Bebe har tsakar gida, na tarar tana ba ƙawarta labarin yadda tumbina ke hawa kan kwandon babur in na zauna, tana kwatantawa da hannu. Na tsaya bayansu na ji labarin har ƙarshe, don gaskiya ta iya ba da shi.

Babbar rigimar kuwa a kan wuta ta tashi. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo na leda, kuma firigonta shi ne rabin cefanen gidanmu. Wurin soka waya mai ƙarfi guda ɗaya ne a gidan, a bangon zaure, kuma firigo ya riga kowa kama shi. In na haɗa su biyu, sai wutar gidan duka ta ɗauke. Ga shi lokacin zafi ne, masu wuta su kawo ta ɗan jim su janye. Sai muka yi sulhu: in wuta ta zo, firigo ya sha, in ya ƙoshi a ba Bebe. Abin da ban sani ba shi ne firigo ba ya ƙoshi.

Ana haka aka yi wa ƙanen taubashina haihuwa a Urafane, sunan kuma ya faɗo ranar kasuwar garin. Tun ana gobe na sa Bebe sharji, na roƙi maiɗakina ta bar shi ya cika. Da safe na fito da babbar rigata ta shadda, na tarar igiyar Bebe a ƙasa, firigo yana ta gurnani. Na kunna na duba, 'yan sandunan hasken da ke nuna ƙarfin batir sun tsaya a rabi.

"Wa ya cire shi?"

"Ni ce, Malam," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba daga ƙulla zoɓo. "Wutar kaɗan ta zo. Na duba na ga Bebe ba ya narkewa, ƙanƙara kuwa tana narkewa."

Tana rufe baki sai ga taubashina a ƙofar gida, babur ɗinsa yana ruri. Ya ce in bar jaririn a gida in hau bayansa, zai ɗan sallami masu sayen mai sannan mu kama hanya. Da wani ne ya faɗa, da na hau. Amma shi ne. Na ce masa ya je ya sallami mutanensa, zai tarar da ni a Urafane na riga na ci nama na wanke hannu.

Farkon tafiyar ta yi daɗi. Iskar safe tana kaɗa rigata, ina jin kukan tsuntsaye, abin da ban taɓa ji a kan babur ba. Na iske wata tsohuwa da ƙwarya a kai, na manta ban yi sallama ba. Ta waiwayo ta ga ƙaton mutum cikin farar riga yana sulalowa ba ƙara ba taku, rigar kuma ta rufe babur ɗin gaba ɗaya. Ta saki a'uzubillahi da ƙarfi ta faɗa cikin gona. Sai da na tsaya na ɗage riga na nuna mata ƙafafun Bebe kafin ta yarda mutum ne, ta kuma yi mini faɗa kamar ɗan da ta haifa.

Daga nan hanya ta koma rairayi. Bebe ya fara nishi a shiru, sandunan haske suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Na rage gudu, na matse ciki, na yi duk addu'ar da na sani. Wani jaki da kayan ƙaiƙayi ya zo ya wuce ni ba tare da ya yi sauri ba. Can kusa da wani gawo, Bebe ya tsaya. Da tsohon babur ne da ya yi tari ya yi hayaƙi, ka san ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wannan kuwa tsayawa kawai ya yi.

Na tura shi har rigata ta jiƙe, sannan na hango ruga a gefen hanya. Wani dattijo Bafulatani yana zaune a inuwa yana tufka igiya, iyalinsa suna ɗora ƙoren nono da fura a kan amalanken shanu. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa, ya bar ni na huta kafin ya tambaya.

"Mai ya ƙare, Malam?"

"Ba ya shan mai, Baffa. Wuta yake ci."

"Wuta? To ai akwai garwashi, yanzu aka sauke shayi."

Na fara yi masa bayani da gaske, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ashe tsokanata yake yi. Ya nuna mini wani ɗan pano mai kama hasken rana, girmansa bai wuce tire ba, an jingine shi a jikin bukka, salula biyu suna maƙale da shi. Ya ce da wannan suke rayuwa, amma in aka ba nawa, zai zama kamar an miƙa wa raƙumi ƙwayar gero ɗaya. Ya ce su ma kasuwar Urafane za su, in ban ƙi ba a ɗora shi.

Haka aka ɗaga Bebe aka ɗora a amalanke, tsakanin ƙoren nono da wani rago da za a kai kasuwa. Na zauna na rungume shi don kar ya faɗi, ragon kuma ya kama gefen rigata yana tauna. Matar dattijon, wata tsohuwa mai kaifin ido, ta shafa kujerar, ta gwada kwandon da ƙwaryar man shanunta ta ga ta zauna daram. Ta tambaye ni ko sai an buga shi da ƙafa yake tashi. Na ce a'a, maɓalli ne kawai. Ta tambaya ko mace tana iyawa. Na ba ta labarin ungozoma. Ta juya wurin mijinta ta yi masa magana da Fulatanci mai tsawo, sannan ta koma Hausa don in ji.

"Na ce mishi irin wanga nake so. Ba ya firgita shanu, ba shi da nauyi, kuma in kai nono kasuwa kafin rana ta taɓa shi."

"To wa zai ba shi abinci a daji?" in ji dattijon. "Kin ga wanda ke zaune cikin birni ma da yunwa ya kawo shi."

Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar da nake tsoro tana tahowa daga baya. Taubashina ne. Ya zo daidai da mu, ya dubi amalanke, ya dubi rago, ya dube ni. Sai ya kashe babur ɗinsa ya sauka ya zauna a kan rairayi, don dariyar ba ta barin shi tsayuwa. Da ya samu numfashi ya ciro salula ya ɗauke ni hoto ta gaba da ta gefe. Sannan ya buɗe wata 'yar kwalbar esansi ya kara wa Bebe a gaba.

"Bari ya shaƙa, ko ya farfaɗo."

Ya ƙi wucewa kuma. Ya riƙa bin mu a hankali, duk wanda muka gamu da shi sai ya ce a ba da hanya, ga ci gaban zamani nan tafe bisa amalanke. Dattijon ya yi ƙoƙarin riƙe fuska saboda ni baƙonsa ne, amma matarsa ba ta yi wannan ƙoƙarin ba.

A kasuwar Urafane akwai wani mai rumfar sharji, da panuka a kan rufi da manyan batura a ƙasa, salular mutane jere a kan katako kamar an shanya kifi. Na nuna masa igiyar Bebe, ya jujjuya ta ya ce bai taɓa gwadawa ba, amma wuta ai wuta ce. Ya soka. Na'urarsa ta yi wani tsiwa, rediyonsa ya yi shiru, hasken salular nan duka ya mutu lokaci ɗaya. Masu salula da ke zaune a benci suka taso mana. Wani mai sayar da wake ya ce yana jiran kiran dillali daga Mayahi, wani ya ce shi tun hantsi ya kawo tasa. Mai rumfa ya zare igiyar da sauri, komai ya dawo.

Abin mamaki, faɗan bai yi nisa ba, don duk wanda ya matso ya yi masifa sai idonsa ya faɗa kan Bebe ya manta. Mai waken nan ne ya fara tambaya ko zai ɗauki buhu. Wata malamar lekwal, wato makarantar boko, ta ce ita ƙauyen da take koyarwa ba nisa, amma kuɗin kabu-kabu na cinye ta, ko akwai wanda ya fi wannan araha. Wani tela ya tambaya ko ana iya cire batirin a shiga da shi ɗaki. Wani tsoho ya ce shi ba ya son mai gudu, yana son wanda in ya faɗi zai iya ɗaga abinsa shi kaɗai. Kowa kuma, bayan ya gama tambayarsa, sai ya ƙare da magana ɗaya: to a ina za a riƙa sa masa wuta? A ƙarshe su da kansu suka yarda a cire rabin salular a ba Bebe wuri, don suna so su ga yadda yake tafiya.

Ina cikin amsa tambayoyi na lura taubashina ya daina dariya. Ya cire gilashinsa, yana bin fuskokin mutane da kallo. Can na gan shi ya ja mai rumfa gefe, suna nuna rufi, suna nuna batura. Na ɗauka wani sabon abin tsokanata yake tarawa.

Sharjin ya yi ta ja, rana ta take ta karkata. Kafin mu isa gidan suna an raɗa wa yaro suna, an ci an watse. Gwaggonmu ta kawo mana abin da ya rage, wuyan rago da romo, ta ce ta ji labari tun kafin mu iso, wai na zo da babur a goye. Hoton ma ya riga ni shiga gidan.

Da la'asar muka juyo. Ɗan abin da Bebe ya samu ya kai mu har muka hango hasumiyar masallacin Tasawa, sannan ya sake tsayawa. Na jira a fara tsokana. Taubashina bai ce komai ba, ya matso ya ɗora ƙafarsa a bayan Bebe ya riƙa tura ni da nasa babur, har ƙofar gida. Ya yi sallama ya tafi. Shirun nan nasa ya fi dariyarsa damuna, har na ce wa maiɗakina ko dai ba shi da lafiya.

Bayan 'yan makonni na bi ta bakin gudiro na tarar ana kafa panuka a kan rumfarsa. Ya ƙara mata faɗi, ya sa benci, ya kwashe kwalaben esansi ya mayar da su can ƙarƙashin itacen bedi, nesa da wayoyin wuta. Na tsaya na tambaye shi me ke faruwa.

"Ku ne kuka ƙi sha," in ji shi. "To ko kun ƙi sha, ai za ku ci. Kuma a hannuna za ku ci."

Bai yi kuskure ba. A hankali ire-iren Bebe suka yawaita a gari, kusan duka ƙanana, na malaman lekwal da teloli da mata masu sana'a, har da wani liman da ya ce ya gaji da isa masallaci yana warin hayaƙi. Duk ranar da aka ɗauke wuta, wurin taubashina ake taruwa. Ni ma na koyi iyakar abina. Ƙauyukan kusa ina zuwa da Bebe, na nesa masu rairayi kuwa in nemi mai kabu-kabu, ba gardama. Maiɗakina ta samu bangon zaurenta ita kaɗai, har takan aiko wa taubashina da zoɓo mai sanyi kyauta, wai shi ya raba faɗan gidanmu. Zumunci kuma bai sa ya taɓa tsallake layi da ni ba. In na yi magana sai ya ce bawa ba ya shiga gaban 'ya'ya.

Kwanan baya na kai Bebe da hantsi na bar shi a can, na tafi buro, wurin aikina, da ƙafa. Da azahar na dawo ɗauka, na tarar wata kazar taubashina ta shiga kwandon ta yi ƙwai, tana tsaye a kan kujera tana shela. Na miƙa hannu, shi ma ya miƙo.

"Kazata ce," in ji shi.

"Kwandona ne," na ce.

Masu jiran sharji suka rabu biyu, kowa yana kawo hujja, har aka nemi limamin nan ya yanke hukunci. Ya ce shi babur ɗinsa ya zo ɗauka. Daga ƙarshe muka kai wa mai shayi ya soya mana da albasa, ya raba a faranti biyu. Taubashina ya zaɓi nasa tun kafin a ajiye, kuma na tabbata shi ne babban.